Wankan ruwan zafi a cikin mota: lita 10 ne, sai lissafi

A Faransa da Jamus, mutane na sayen motar ɗaukar kaya su mayar da ita ɗaki, da gado da murhu. Wurin wanka ne ke ba su wahala, musamman cikin sanyin Turai.

Na'urar Truma Combi ta Jamus tana aiki da gaz ko gazuwal, tana ɗumama ɗakin da ruwan tare. Sai dai tukunyarta lita 10 kacal take ci. Ko an sirka, wankan na gaggawa ne: a jiƙa jiki, a rufe famfo, a sa sabulu, a ɗauraye. Wanda ya tashi da bokiti da moɗa ba zai ga baƙon abu ba. Ƙara babban tanki ma da iyaka, don kowace lita kilo guda ce, mai permi B kuma ba ya wuce tan 3,5.

Masu neman araha ne ke cikin haɗari. Ƙaramar na'urar gaz da aka ƙera don waje, in aka kunna ta cikin rufaffiyar mota, tana fitar da iskar guba marar wari, irin ta garwashi a ɗaki lokacin ɗari. A Faransa, sai an binciki haɗin gaz ɗin kafin a rubuta VASP a takardar motar.