Ƙudajen Da Ba Sa Yin Zuma Amma Suna Cika Buhun Riɗi

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Janairu, manyan motoci kan tashi daga kasuwannin Lafiya da Doma a Jihar Nasarawa shaƙe da buhunan riɗi, su nufi Kano ko tashar jiragen ruwa ta Legas, inda daga can ake kai shi ƙasashen Japan da Sin da Turkiyya. Riɗi yana sahun gaba cikin amfanin gonar da ke samo wa Nijeriya kuɗin musaya. Manomi da dillali sukan yi lissafin taki da iri da kuɗin ƙwadago, amma da wuya a ji wanda ya saka ƙwarin da ke yi wa furen barbara cikin lissafinsa, alhali kuwa wani kaso mai tsoka na abin da ke shiga buhu aikinsu ne.

In an ce ƙudan zuma, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne amya da saƙa da harbi. To, amma masana sun ƙididdige fiye da iri 20,000 na dangin wannan ƙwaro a duniya, kuma mafi yawansu ba su san amya ba, ba su da sarauniya, ba sa tara zuma. Kowace mace ita kaɗai take gina gidanta, ta tara wa 'ya'yanta abinci, ta toshe ƙofa, ta mutu ba tare da ta gan su ba. Akasarinsu a ƙasa suke haƙa rami, saura kuma su zauna cikin kara ko gora ko ramukan busasshen itace.

Daga cikin waɗannan akwai wanda za a iya kira magini. Macen kan samu siririn rami, ta dunƙula garin fure da ruwansa mai zaƙi, ta saka ƙwai ɗaya a kai, ta ɗauko laka ta yi katanga, sa'an nan ta fara ɗaki na gaba, har ramin ya cika. Kada mai karatu ya ɗauka zanzaro ne. Zanzaro ma da laka yake gini, amma gizo-gizo ko tsutsa yake tara wa 'ya'yansa, shi kuwa magini garin fure ne guzurinsa. Nau'in da ya fi suna, wanda masana ke kira Osmiya, ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi. A nan Afirka ta Yamma 'yan uwansa ne muke da su: wasu suna gini da laka ko ƙaro, wasu kuma su ne ke yanke gefen ganye kamar da almakashi don su shimfiɗe ɗakunansu. Har ila yau akwai masassaƙi, wato baƙin nan ƙato mai ƙugi da ke huda azara da itacen rumfa.

Abin da ya ba su fifiko wajen barbara shi ne yadda suke dakon garin fure. Ƙudan amya yakan jiƙa garin ya cusa shi a ƙafafunsa na baya, saboda haka kaɗan ne ke zuba. Magini da mai yankan ganye kuwa a busashe suke kwasarsa cikin gashin da ke ƙarƙashin cikinsu, duk furen da suka sauka a kai sai ya samu rabonsa. Furen tumatir da na gauta ba sa sakin garinsu sosai sai an girgiza su, aikin da masassaƙi ya iya amma ƙudan amya bai iya ba. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya duba gonaki a nahiyoyi da dama, ya gano cewa ziyarar ƙwarin daji tana sa fure ya zama ɗa ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan amya ke yi.

Ba kowane amfanin gona ne ke bukatarsu ba. Doya da rogo, waɗanda Lafiya ta yi suna a kansu, ba ruwansu da ƙwaro, haka nan shinkafa da masara da dawa. Amma agushi yana da furen namiji daban, na mace daban, in ba a samu mai kai garin daga wannan zuwa wancan ba, ba za a ga ɗa ba. Yazawa ma ta dogara ƙwarai ga ƙwari. Shi riɗi yana iya yi wa kansa barbara, sai dai amfanin ba ya kai wanda aka ziyarta. A ƙasar Burkina Faso, wani binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa da aka rufe furanni aka hana ƙwari isa gare su, amfanin riɗi ya ragu da kashi 59 cikin ɗari, na auduga kuma da kashi 37. Wato in aka kwatanta, gonar da ke ba da buhu goma sai ta koma kusan huɗu.

A wasu ƙasashe tuni wannan ya zama sana'a. Masu gonakin tuffa a arewacin Japan sun fara kiwon magini cikin damman kyauro tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A Amurka an tabbatar cewa mata 250 zuwa 300 sun isa su yi wa eka guda ta tuffa barbara. A Kanada kuwa ana kiwon mai yankan ganye ana sayar wa masu noman irin ciyawar dabbobi. Rahoton da wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya fitar a 2016 ya ƙiyasta darajar amfanin gonar da ake samu albarkacin masu barbara a kan dala miliyan dubu 235 zuwa miliyan dubu 577 a shekara.

Babban abin lura ga manomi shi ne, waɗannan ƙwari ba sa yin nisa. Ƙudan amya yana iya tafiyar kilomitoci neman fure, amma ƙananan masu zaman kaɗaici ba sa wuce 'yan mitoci ɗaruruwa daga gidajensu. In babu masauki kusa da gona, ba za su zo ba. A nan ne al'adunmu ke yi musu illa. Ƙona daji da rani yana cinye kara da busasshen itacen da 'ya'yansu ke kwance a ciki suna jiran damina. Saran itatuwa don yin gawayi yana raba su da gida da abinci. Maganin kashe ciyawa yana share furannin gefen gona da suke rayuwa a kansu kafin riɗi ya yi fure. Mafi muni kuma shi ne feshin maganin ƙwari da safe, daidai lokacin da furanni ke buɗe, ƙudajen suna tsakiyar aiki. Saboda irin wannan ɓarna ne Tarayyar Turai ta haramta amfani da wasu magunguna uku a buɗaɗɗun gonaki a 2018.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. In feshi ya zama dole lokacin fure, a bari sai da yamma liƙis. A bar ɗan zirin ciyawa da kututture a bakin iyaka, a kuma yi masa shingen wuta kafin rani. Mai son ƙari yana iya huda busasshen katako da ramuka masu faɗin milimita 4 zuwa 10 da zurfin kamar santimita 15, ko ya ɗaure guntayen gora, ya rataye su a inuwa inda ruwa ba zai shiga ba. Ba a bukatar kayan kariya, domin ba su da amyar da za su tsare, ba sa harbi sai an matse su.

Lafiya tana da cibiyoyin da za su iya jan ragamar wannan aiki: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Aikin Gona, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, da kuma malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jihar. Kamfanonin da ke ba manoma iri da magani bashi don su sayi riɗinsu da kaka, su ma suna da ta cewa, domin suna iya sanya lokacin feshi cikin sharuɗɗan yarjejeniya. Yin haka zai ƙara yawan riɗin, ya kuma rage ragowar maganin da kan sa masu saye a ƙetare su ƙi karɓar kaya.