Jinkirin Haihuwa: Yaushe Ya Kamata Ma'aurata Su Ga Likita?

A ƙasar Hausa, idan aure ya shekara biyu ba a ga ciki ba, dangi sukan fara tsegumi, kuma galibi a kan matar ake ɗora laifi, har a kira ta juya. Daga nan sai a shiga neman magani wajen boka da wanzami da ungozoma, shekaru su yi ta tafiya. Yawancin ma'aurata ba su isa asibiti sai lokacin da magani ya fi amfani ya wuce. Saboda haka tambayar da ta kamata a amsa ita ce, yaushe ne haƙuri ya isa, ya zama wajibi a ga likita?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a kan wata 12. Watau idan miji da mata suna zaune tare, suna saduwa a kai a kai, ba su amfani da maganin hana ɗaukar ciki, har shekara ta zagayo ba a sami ciki ba, to, lokacin bincike ya yi. Dalili kuwa shi ne, cikin ma'aurata 100, fiye da 80 sukan sami ciki a shekarar farko. Rahoton hukumar na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala a rayuwarsa, don haka ba abin kunya ba ne.

Amma akwai waɗanda bai kamata su jira shekara ba. Macen da ta wuce shekara 35 za ta je bayan wata shida, wadda ta kai 40 kuwa ta je nan da nan, domin ƙwayayen haihuwarta suna raguwa da shekaru. Haka nan wadda hailarta ba ta zuwa daidai, ko take zuwa da matsanancin ciwon mara, da wadda ta yi ɓari sau biyu ko fiye, da wadda ta yi zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa ko bayan ɓari. Irin wannan zazzaɓi da ciwon sanyi su ne kan toshe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, shi ya sa ake samun wadda ta haihu sau ɗaya, haihuwa ta tsaya mata. Idan haila ta ɗauke wata da watanni, akan ce ciki ne ya kwanta. Gwajin fitsari da hoton ciki za su raba gardama a yini guda.

Namiji ma yana da nasa alamu. Wanda ya yi hangum bayan ya balaga har maraina suka kumbura, ko ya taɓa yin ciwon sanyi, ko aka yi masa aikin gwaiwa, kada ya tsaya jira. A wajen rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa, akwai matsala a ɓangaren miji. Ƙarfin saduwa ba shaida ba ne a kan ingancin maniyyi, kuma samun ɗa da wata matar shekara goma da suka wuce bai wanke shi a yau ba. Gwajinsa shi ne mafi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi, a ƙidaya ƙwayoyin, a duba motsinsu. Ƙarin aure kafin wannan gwaji yana iya zama ƙara wata baiwar Allah cikin zargi.

Zariya ta ga illar neman magani inda bai dace ba. Likita Tahzib ya wallafa bincike a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a Asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a lokacin yake Tudun Wada. Kimanin kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne ya jawo musu lalurar, kuma rashin haihuwa yana cikin dalilan da akan yi wa mace wannan yanka. A 2005 asibitin ya koma mazauninsa na Shika, inda sashen mata da haihuwa yake karɓar irin waɗannan ma'aurata.

Idan sun je, likita zai tambayi tarihinsu, ya auna jinin matar don tabbatar da ko tana sakin ƙwai, ya ɗauki hoton mahaifa bayan an ɗura wani ruwa mai nuna ko hanyoyin a buɗe suke. Wasu ƙwayar magani ce za ta ishe su, wasu sai an yi aiki, wasu kuma sai an haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar cikin mahaifa, hanyar da aka fara samun haihuwa da ita a Ingila a 1978.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba ya karo da tawakkali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'auratan da shekara ta zagayo musu, su ɗaura niyya su tafi asibiti tare, miji da matarsa, a duba su duka biyu.