Manhajojin da ke buɗe wa sabon injiniyan ma'adinai ƙofar aiki

Batirin kowace wayar zamani da sinadarin litiyom ake yin sa, kuma duwatsun da ke ɗauke da shi ana haƙo su yanzu a Nasarawa da Kwara da Kaduna. A watan Mayun 2024 ma an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. To amma matashin da ya karanta injiniyancin haƙar ma'adinai, a Jami'ar Jos ko ta Fasaha da ke Akure, takardar digiri kaɗai ba ta cika kai shi ciki ba. Kamfani yana so ya ga abin da zai iya yi da bayanan da aka kwaso daga fili.

Manyan kamfanoni da Surpac ko Datamine ko Deswik suke tsara rami, su ƙiyasta yawan ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa daga sakamakon ramukan gwaji. Lasisinsu na da tsadar gaske, ba na aljihun mai neman aiki ba ne. QGIS kuwa kyauta ce, tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kuma akwai QField da ake saukewa a Android. Da su biyun, mutum zai iya zagaya wani wurin fasa dutse, ya ɗauki lambobin GPS da hotuna, ya koma gida ya fitar da taswira mai ma'auni. Taswirori uku irin wannan sun fi dogon jerin kwasa-kwasai tasiri a gaban mai ɗaukar aiki. Ko neman lasisin haƙa ma, tun 2022 ta intanet ake yin sa, a manhajar eMC+ ta ofishin rajistar filayen ma'adinai, kuma sai da lambobin iyakar fili.

Jirgi marar matuƙi shi ma ya shigo: daga hotunansa ake lissafa girman tulin dutse. Excel kuwa dole ce, haka rajista da hukumar COMEG.

Sai sanin kariya, wanda ba a koyon sa a allo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar tana bin iska da ƙasa. Jiƙa dutse kafin niƙa yana rage ƙurar sosai, kuma injiniyan da ke wurin shi ake sa ran zai tsaya a kan a yi hakan.