Kiwon Kifin Koridoras a Akwatin Gilashi

Jama'a da dama a biranen ƙasar nan suna ajiye kifi a akwatin gilashi domin ƙawata ɗaki. Cikin kifayen da ake saye akwai wani ɗan ƙarami mai gashin baki, sunansa koridoras. Akan ce wa mai saye wai shi ne mai shara, zai cinye dattin akwati ba sai an ciyar da shi ba. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Wanda ya bi ta zai yi asarar kifinsa da kuɗinsa cikin 'yan makonni, alhali kuwa in an kula da shi yakan yi shekara 5 ko fiye.

Asalinsa da Kamanninsa

Koridoras ɗan uwan tarwaɗa ne na nesa, amma asalinsa kogunan Amurka ta Kudu ne, musamman kogin Amazon da rassansa. Irinsa sun fi 150, kuma yawancin waɗanda ake kiwo tsawonsu santimita 3 zuwa 7 ne. Turawa sun daɗe da saninsa, don tun 1878 aka sami wani irinsa ya hayayyafa a akwati a birnin Paris. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, sai jeri biyu na ƙashi mai faɗi a kowane gefe, kamar sulke. Lokaci lokaci yakan zabura zuwa saman ruwa ya haɗiyi iska, hanjinsa ya tsotsi abin da jiki ke bukata. Wannan ɗabi'arsa ce. Amma in ya riƙa yin haka ba hutu, to, ruwan ya ɓaci ko ya yi zafi.

Akwati da Yashi

Kifin garke ne. Kada a sayi ɗaya ko biyu, a sayi shida ko fiye iri ɗaya. Akwati mai cin lita 60 ya ishe su, kuma mai faɗi ya fi mai zurfi, domin a ƙasa suke zama. A shimfiɗa yashi mai laushi wanda aka wanke sarai. Da gashin baki suke laluben abinci, tsakuwa mai kaifi da datti kuwa suna cinye gashin nan. A sa tsire-tsiren ruwa ko fasasshiyar tukunyar ƙasa mai santsin baki inda za su ɓuya.

Ruwa

Nan ne aikin yake. Tarwaɗa tana jure wa gurɓataccen ruwa, koridoras ba ya jurewa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da guba mai suna amoniya. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a na'urar tace ruwa su ne ke rage wannan guba, amma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Saboda haka a haɗa akwati, a kunna na'urar, a riƙa sa ɗan abincin kifi kaɗan har tsawon waɗannan makonni kafin a kawo kifin. Bayan haka:

1. A canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a zuƙe dattin da ke kan yashi.
2. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin mai kashe kifi. A sa masa maganin cire kulorin kafin a zuba.
3. A wanke soson na'urar da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, ban da sabulu.
4. Kada a zuba gishiri ko wani magani ba da shawarar masani ba.

Zafi da Sanyi

Yawancinsu sun fi son ruwa mai digiri 22 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Da bazara ruwan ɗaki yakan wuce haka, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. A ajiye akwatin nesa da taga, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwan, a kuma tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. Kada a zuba ƙanƙara, gama canjin zafi farat ɗaya yana kashe su. Da hunturu, a wurare masu sanyi kamar Jos, a duba ma'auni da safe.

Abinci da Abokan Zama

A ba su abincin kifi mai nutsewa sau ɗaya ko biyu a rana, daidai abin da za su cinye cikin 'yan mintoci. Suna kuma son tana in an wanke ta an yanka ƙanana. A haɗa su da ƙananan kifaye marasa faɗa kawai. Tarwaɗa da karfasa za su cinye su ko su ji musu ciwo.

Gargaɗi

Koridoras yana da ƙaya a baya da gefe biyu, sukarta kuwa da zafi. A kama shi da kofi, ba da hannu ba, kuma a hana yara taɓa shi. Har ila yau ana kira ga jama'a kada kowa ya zuba baƙon kifi a kogi ko tafki ko madatsar ruwa, domin yana iya kawo cuta ga kifayenmu waɗanda masunta ke ci da su. Wanda ya gaji da kiwo, ya ba wani mai sha'awa.