ASHE ALBASA TAKAN YI HALIN RUWA: Yadda Za A Gane Lafiyar Kogin Dilimi

Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To, amma a ɗakin binciken kimiyya maganar ta sha bamban, domin kuwa masana sun gano cewa albasa tana daga cikin tsirran da ke saurin tona asirin ruwan da aka ba su. Wannan magana ta shafi mutanen Jos ƙwarai, musamman masu noman rani a bakin Kogin Dilimi da kuma masu cin kayan lambunsu.

Duk wanda ya je kasuwar Farin Gada da rani zai ga kabeji da karas da latas da tumatir jibge, ana loda su a manyan motoci zuwa sassan Nijeriya. Da yawa daga cikin wannan kaya da ruwan Dilimi ake shayar da su, ko da ruwan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Kogin kuwa ta tsakiyar gari yake ratsawa, yana kwasar ruwan kwatami da shara da baƙin man gareji. Daga nan ya yi arewa, ruwansa ya shiga Kogin Jama'are a Jihar Bauci, ya nufi Tafkin Cadi. Watau ke nan abin da aka zubar a Jos ba a Jos kaɗai yake tsayawa ba.

GADON KUZA

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai suna narkar da kuzar wannan yanki. Turawan Ingila suka kama haƙa gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, aikin ya kai ƙololuwarsa a shekarar 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa ɗibar mutane aikin tilas daga lardunan Arewa. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar ɗaruruwan ramuka da tsibin ƙasar da aka wanke. A cikin irin wannan ƙasa akwai ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, masu illa ga jiki. Idan damina ta sauka, ruwa yakan kwashe ta zuwa rafuka.

Auna ƙarafa masu guba, irin su dalma, a cikin ruwa yana bukatar na'urori masu tsada da ƙwararrun ma'aikata. Bugu da ƙari, na'ura abin da aka ce ta nema shi kaɗai take nunawa. Ba ta faɗin abin da gubobi goma za su yi wa mai rai idan suka haɗu wuri guda. A nan ne tsiro yake da rana.

YADDA AKE GWAJIN

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Albert Levan shi ne ya fito da gwajin albasa a shekarar 1938. A 1985 wata masaniya a can ƙasar, Geirid Fiskesjo, ta tsara shi domin binciken gurɓatar ruwa. Daga baya masana a jami'o'in Legas da Ibadan suka yi amfani da shi wajen auna dagwalon masana'antu da ruwan da ke tsiyayowa daga bola.

Akan sami ƙananan albasa masu girma ɗaya, a ɓare busasshen ɓawonsu, a kankare tsofaffin saiwoyi a hankali. Sa'an nan a ɗora kowace a bakin kwalba, gindinta na taɓa ruwa. Wasu kwalabe a cika su da ruwan kogi zalla, wasu a sirka shi rabi da rabi, wasu kuma a zuba musu ruwa mai tsabta domin kwatantawa. A ajiye su cikin duhu, ana sake ruwan kullum. Bayan kwana 3 ko 4 sai a auna tsawon saiwoyin da suka fito. Idan na ruwan kogi sun tsumbure, ko sun lanƙwashe, ko sun sake launi, to, lalle akwai abin da ke cutar da su. Masana sukan lissafa yawan ruwan kogin da ke rage tsawon saiwa da rabi. In kaɗan ne ya isa ya yi wannan ɓarna, gubar tana da ƙarfi ke nan.

Mataki na biyu na madubin likita ne. A yanke kan saiwar, a rina shi, a matse tsakanin gilasai biyu. Kowace ƙwayar halittar albasa tana da zaren gado 16, manya-manya masu sauƙin gani. Mai bincike zai ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa, ya duba ko zaren ya tsinke ko ya manne da juna. Irin wannan lahani gargaɗi ne, domin abin da ke ɓata zaren gado a tsiro yana iya yin haka a jikin ɗan Adam. Har ila yau akan yi gwajin da irin latas, a duba nawa suka tsiro cikin kwana 5.

IYAKARSA

Sai dai fa gwajin yana da iyaka. Albasa takan nuna akwai guba, amma ba ta faɗin sunanta. Ba ta kuma nuna ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot. Wani lokaci ma ruwan kwatami, saboda takin da ke cikinsa, yakan sa saiwa ta yi tsawo, wanda bai sani ba ya zaci ruwan lafiyayye ne. Saboda haka dole a ɗebi ruwa daga wurare dabam-dabam, kafin kogin ya shiga gari da bayan ya fita, da rani da kuma damina. Inda albasa ta nuna alama, can za a kai na'ura.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana sakaci. A 1988 aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a wannan shekara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya, ba a kuwa farga ba sai da aka fara binne su.

Jos tana da jami'a tun 1975, tana da makarantun sakandare masu ɗakunan kimiyya, albasa kuma ga ta nan a kasuwa. Idan hukumomin Jihar Filato da malamai da ƙungiyoyin manoma suka haɗa kai ana yin wannan gwaji wata-wata ana rubutawa, manomi zai san wurin da ya kamata ya kafa injin ban ruwansa, hukuma kuma ta san kwatamin da za ta fara bi.