Zafi Ne Ke Sa Kwamfutarka Nauyi a Bazara

Idan bazara ta kankama, koken masu kwamfuta kusan iri ɗaya ne: ta yi nauyi, fanka sai ƙugi take yi, wani lokaci ma ta mutu ana tsakiyar aiki. Wasu su ɗora laifin a kan bairos, wasu su ce tsufa ne, har su fara neman kuɗin sayen sabuwa. Alhali sau da yawa zafi ne kawai ya yi wa furosesa yawa, kuma abu ne da mai kwamfuta zai iya aunawa da kansa.

Furosesa ita ce ke yin duk lissafin kwamfuta. A cikinta akwai ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransista. Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da guda 2,300, amma M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 tana ɗauke da biliyan 16. Kusan duk wutar da waɗannan makunnai suka sha zafi take komawa, kuma a wuri ɗan ƙarami da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba sosai.

Fitar da wannan zafi yana bin matakai. Ana shafa wani mai mai kauri, ruwan toka, a kan furosesa domin ya cike ɗan giɓin da ke tsakaninta da ƙarfen da ke danne da ita. Daga nan bututun jan ƙarfe mai ɗan ruwa a ciki ya kwashe zafin zuwa wasu siraran faranti, fanka kuma ta hura shi waje. Duk wannan tsari ya dogara ne da iskar ɗakin. Apple, alal misali, ya ce a yi amfani da MacBook a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, zafin Afrilu yakan haura 40. Ga shi kuma hunturu ne ke riga bazara zuwa, ƙurarsa ta toshe farantan nan, sannan zafi ya iso ya tarar da hanyar iska a cushe.

Masu ƙera furosesa sun sa mata ma'aunin zafi a cikin jikinta. Yawancin na Intel iyakarsu wajen digiri 100 ce, Ryzen 7000 na AMD kuma 95. Da ta kusanci iyakar sai ta rage wa kanta gudu don ta huce, wannan shi ne nauyin da kake gani. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar gaba ɗaya. Shi ya sa da wuya furosesar zamani ta ƙone, amma batir yana saurin lalacewa, aikin da ba a adana ba kuma ya salwanta.

Taɓa bayan kwamfuta da hannu ba zai faɗa maka gaskiya ba. Manhajoji irin su Core Temp da HWMonitor da HWiNFO kyauta ne, kuma suna nuna zafin nan take, da mafi yawan da ya kai. Idan kwamfuta ba ta wani aiki, digiri 35 zuwa 55 ba abin damuwa ba ne. A aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyo, 70 zuwa 85 daidai ne. Amma in tana zaune sama da 90 alhali rubutu kawai kake yi, akwai matsala. Buɗe Task Manager ka duba ko wata manhaja ce ke cin ƙarfinta a ɓoye.

Maganin kuwa ba shi da tsada. A daina ɗora laftof a kan katifa ko matashi ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. A sa ta a tebur, a ɗan ɗaga bayanta. Kada a bar ta cikin mota da rana, kada kuma a saka ta a firji, don raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa. Aiki mai nauyi a bar shi sai da safe ko da dare. Ƙarshen hunturu kuma a kai ta wajen mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar, ya sake man nan idan ya bushe, wanda yakan faru bayan 'yan shekaru.

Makarantu da shagunan buga takardu da cibiyoyin jarrabawa, inda kwamfutoci da yawa ke aiki a ɗaki guda, su suka fi bukatar wannan kulawa. Kafin ka miƙa kwamfutarka gyara, rubuta lambar da manhajar ta nuna, ka sake aunawa bayan an dawo da ita. Da haka za ka san ko an yi aikin da ka biya kuɗinsa.