Kwaɗo, Ɗan Ci-rani da Girkawan Dauri

Da kaka ta wuce, an zuba gero a rumbu, sai ɗan ci-rani ya ɗaure tabarmarsa ya nufi birni. Can zai tura kurar ruwa ko ya yi dako, ya san unguwar da ake biya da hannu sake da wadda sai an yi ciniki. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas kuwa, ko sallama ba ya tsayawa yi, gona na kira. A birni ba baƙo ba ne, a ƙauye ma haka.

Irin wannan zama Girkawan dauri ke kira amphibios. Amphi na nufin ɓangare biyu, bios kuma rayuwa, amma rayuwa ta fuskar yadda ake zama da yadda ake neman abinci. Numfashin rai kansa suna da wata kalma dabam, zoe. Don haka abin da suke dubawa shi ne inda halitta ke kiwo da inda take kwana. A wata tsohuwar waƙar barkwanci tasu ta yaƙin kwaɗi da ɓeraye, sarkin kwaɗi har taƙama yake wa ɓera cewa an ba danginsa makiyaya biyu, ruwa da tudu. Ɓeran ya yarda ya hau bayansa, ya kuwa nutse.

Ba su tsaya kan dabbobi ba. Strabo, masanin labarin ƙasa na zamanin sarki Augustus, ya ce mutane ma haka suke, rabonsu a teku bai gaza na tudu ba. Ga mutanen da tsibirai suka cika ƙasarsu, wannan ba abin musu ba ne. A ƙarni na 3 kuma masanin falsafa Plotinus ya ɗora kalmar a kan ruhi, wai yakan zauna a duniyar sama, ya sauko ta jiki, bi da bi. Nan ne nake ganin ta fi dacewa da ɗan ci-rani, domin ba rabi da rabi yake ba, duk inda ya sauka da ƙafa biyu yake tsayawa har lokacinsa ya cika.

Masana kimiyya ne suka ƙuntata ta daga baya. A 1758 Linnaeus ya zuba macizai, ƙadangaru da kunkuru duk a rukunin Amphibia. Sai a ƙarni na 19 aka tsame su, aka bar wa kwaɗo da danginsa, masu fara rayuwa a ruwa suna talibambam kafin ƙafa ta fito.